DARASI: ƊALIBIN LIKITANCI DA JARRABAWAR SHEKARAR FARKO

  

GABATARWA

Darasinmu na wannan fitowa mun tsara shi ne domin mutum uku: ƙaninmu ko ƙanwarmu da suka sami shiga makarantar koyon aikin likita a bana, da wanda yake ajin ƙarshe na sakandare yana fatan shiga, da kuma iyaye da yayye waɗanda kuɗin makarantar ke fita daga aljihunsu.

An buɗe makarantar likitanci ta Jami'ar Ghana da ke Korle Bu a 1964, ta Kumasi a 1975, ta Tamale a 1996, ta Cape Coast a 2008, daga baya kuma aka sami ta Ho da wasu masu zaman kansu. Karatun shekara 6 ne, sannan a yi shekara 2 ana aiki a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci kafin a ba mutum cikakken izini. Alhamdu lillahi, yau akwai 'ya'yan Nima da Mamobi da Aboabo da Asawase a cikin waɗannan azuzuwa. Kowannenmu ya san darajar wannan, domin mun sha raka tsofaffinmu asibiti muna yi musu tafinta, kuma mun sha jin iyayenmu mata suna tambayar ko akwai likita mace. Saboda haka duk ɗan zangon da aka sallama a shekarar farko, asarar ta wuce gidansu, ta shafi unguwa duka.

Mu ba likitoci ba ne, aikinmu koyar da Larabci. Amma abin da ya fi kayar da sabon ɗalibi shi ne rashin sanin yadda ake riƙe karatu mai yawa na tsawon lokaci, kuma wannan fage ne da ɗan zango ya taso a cikinsa tun yana rungume da allo. Abin da muke son tabbatarwa a nan shi ne: hanyar da aka bi da mu a makarantar allo, wato ƙari kaɗan kullum, da tilawa, da biyawa da ka a gaban wani, ita ce hanyar da ta fi dacewa da karatun likita, kuma binciken masana ya goyi bayanta. In muka ce "kai" a cikin darasin nan, har da ke 'yar'uwa.

NA FARKO: ME YA SA MAI ƘOƘARI YAKE FAƊUWA?

Babu wanda yake shiga wannan makaranta sai wanda ya fito da sakamako mai kyau ƙwarai a WASSCE. To, me yake kayar da shi? Dalilan uku ne.

Dalili na farko yawan karatu. Tsarin ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a: a wasu, shekarar farko ta fi karkata ga kemistiri da fiziks da ilimin halittu da na gado, sai a shiga ɗakin gawa a shekara ta biyu, a wasu kuma ana haɗa komai tun da wuri, kamar Tamale da ta yi fice wajen ba ɗalibai matsalar mara lafiya su warware ta cikin ƙananan rukunai. Ko ta ina aka ɓullo, manyan fannonin tushe uku ne: anatomi, wato ilimin ginin jiki, wanda Larabawa ke kira tashrihi, da fiziyoloji, wato yadda gaɓoɓi ke aiki, da bayokemistiri, wato sinadaran da ke gudana a jiki. Jikin baligi yana da ƙashi 206. Hannu ɗaya kawai, daga wuyan hannu zuwa yatsu, ƙashi 27 ne. Jijiyoyin saƙo masu fitowa daga ƙwaƙwalwa tagwaye 12 ne, masu fitowa daga laka tagwaye 31. Kowanne da sunansa, da inda ya faro, da inda ya bi, da abin da ke maƙwabtaka da shi. Abin da aka koyar a zangon karatu guda a sakandare, a nan ana iya gama shi cikin 'yan makwanni.

Dalili na biyu, babu mai bin ka da bulala. Malami zai yi laccarsa ya tafi, ba ruwansa da ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba.

Dalili na uku shi ne ɗabi'ar da ɗaliban ƙasar nan ke yi wa kirari da "tauna ka zubar": a bari sai jarrabawa ta rage mako biyu, a kwana zaune a cusa komai a ka, a je a zubar a takarda, a manta. Wannan ta iya fitar da mai kaifin ƙwaƙwalwa a sakandare. A makarantar likita ba ta isa ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ka manta a shekarar farko za a tambaye ka shi a gefen gadon mara lafiya a shekara ta huɗu.

NA BIYU: MANTUWA DA MAGANINTA

A shekarar 1885 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage masa bayan wani lokaci. Ya gano cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne cikin sa'o'in farko da ranar farko, daga nan sai ta rage gudu. Ya kuma gano cewa maimaitawar da aka rarraba ta a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya amfani.

Wanda ya karanta littafin Ta'alimul Muta'allimi na Shehu Zarnuji a gaban malaminsa ba zai yi mamakin wannan ba. Kimanin shekara 800 da suka wuce, Shehin ya shawarci ɗalibi ya maimaita karatun jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, haka yana ragewa har ya kai sau ɗaya. Mu lura da hikimar: sabon karatu shi ke samun kaso mafi girma, domin shi ya fi saurin gudu, kuma kowane darasi ana komawa kansa kwana biyar a jere. Haka kuma a makarantar allo ba a yi wa yaro ƙari sai ya biya na jiya, ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma mahaddaci ba ya barin tilawar baya don yana neman sabon izu.

Ga tsarin da muke ba da shawara a kai. Duk laccar da aka yi, a koma kanta sau biyar:

1. A daren ranar da aka yi ta, kafin a kwanta.
2. Washegari, ko da na minti 15 ne.
3. Bayan kwana 3.
4. Bayan mako guda.
5. Bayan wata guda.

Ka sami ƙaramin littafi ka rubuta sunan kowace lacca da ranakun muraja'arta, kana sokewa. Wanda yake da waya ko kwamfuta zai iya amfani da manhajar Anki, wadda ɗaliban likitanci a ƙasashe da yawa ke aiki da ita: kana rubuta tambaya da amsa, ita kuma tana dawo maka da kowace tambaya a ranar da ta ƙiyasta ka kusa mantawa. Wanda ba shi da ita, ƙananan katuna na takarda sun wadatar, kuma su ba ruwansu da dumso. A cikin tirotiro ma ana iya duba su.

NA UKU: RUFE LITTAFI KA BIYA

Muraja'a iri biyu ce. Akwai ta kallo, wato ka buɗe littafi ka sake karantawa kana ja wa layuka alƙalami mai launi. Akwai kuma ta biyawa, wato ka rufe littafi ka fito da abin daga kanka. Ta farko tana da daɗi, domin duk abin da ido ya gani sai zuciya ta ce ai na san wannan. Ta biyu tana da ɗaci, domin tana tona maka asirin abin da ba ka sani ba. Amma ta biyun ce ke zaunar da karatu.

A shekarar 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada wannan. Sun ba ɗalibai wani ɗan rubutu. Rukuni ɗaya suka yi zama huɗu suna karanta shi. Wani rukunin suka yi zama ɗaya na karatu, sannan zama uku suna rubuta abin da suka tuna ba tare da duba takardar ba. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, sai labari ya sha bamban: masu biyawa da ka sun tuna kashi 61 cikin 100, masu kallo kashi 40. Daɗin daɗawa, masu kallon su ne suka fi sakankancewa tun farko cewa za su tuna. Wannan shi ne halin ɗalibin da ke fitowa daga ɗakin jarrabawa yana rantsuwa cewa ya karanta komai sau uku.

Alal misali, akwai wata saƙar jijiyoyi da ke fitowa daga wuya, ta bi ta hammata, ta shiga hannu, wadda kowane ɗalibin anatomi sai ya yi gumi a kanta. Tana farawa da saiwa 5, su haɗu su zama ganga 3, su rabu gida 6, su sake haɗuwa su zama igiya 3, su ƙare da manyan rassa 5. Kallon hotonta sau goma ba zai sa ta zauna ba. Ka ɗauki farar takarda, ko ka tsaya gaban allon aji bayan an tashi, ka zana ta da ka, ka buɗe littafi ka gyara kurenka, ka goge, ka sake. Rubutu da wankewa ke nan, irin wanda muka saba.

Sannan ka nemi abokin biyawa, kamar yadda mahaddata biyu ke sauraron juna. Mutum uku ko huɗu sun isa rukuni. In suka wuce haka, hira ce za ta ci lokacin. Kowa ya zo ya riga ya karanta, a yi ta jefa wa juna tambaya. Abin da ka kasa bayyana wa abokinka da Hausa mai sauƙi, to, ba ka gane shi ba tukuna.

NA HUƊU: SARFUN KALMOMIN LIKITA

A nan ne ɗalibin da ya yi Larabci yake da wata fa'ida da abokan karatunsa ba su da ita. Mun koya a sarfu cewa kalma tana da asali da awo. Daga asalin kaf, ta, ba, muna samun katibu da maktubu da maktabatu. Mun kuma koya cewa awon fu'alu yakan nuna ciwo: su'alu tari ne, zukamu mura, suda'u ciwon kai, duwaru jiri. Wanda ya san awo, ko bai taɓa jin kalmar ba zai yi hasashen ma'anarta.

Kalmomin likita haka suke, sai dai asalinsu daga Girkanci da Latin ne. Ga kaɗan, mun bar su yadda za ka gan su a littafinka. Hepat hanta ce, nephr ƙoda, gastr tumbi, cardi zuciya, oste ƙashi. In aka ƙare kalma da itis ana nufin kumburi, wanda Larabawa ke cewa iltihabi. In da ectomy, yankewa a cire. In da aemia, hali na jini. In aka fara da hyper ana nufin yawa, in da hypo ƙaranci. To, yanzu gwada: nephritis kumburin ƙoda, nephrectomy cire ƙoda, hypoglycaemia ƙarancin sukari a jini, tunda glyc zaƙi ne. Da asali 100 da ka riƙe da kyau za ka buɗe kalmomi masu ninkin haka da yawa. Shawararmu ita ce ka ware shafukan ƙarshe na littafin rubutunka domin wannan ƙamus, ka riƙa ƙara asali biyu ko uku kullum.

Wani abin sha'awa: tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, na waje mai kauri sunansa dura mater, na ciki mai laushi pia mater, ma'anarsu uwa mai tauri da uwa mai taushi. Waɗannan sunaye fassara ce kai tsaye daga Larabci, tun zamanin da ake juya littattafan likitocin Musulmi zuwa Latin. Na cikin shi ne al-ummur raƙiƙa.

NA BIYAR: FAHIMTA KAFIN HADDA

Kada a fahimce mu da cewa hadda kaɗai ta isa. Abin da aka haddace ba a gane ba, shi ya fi saurin zubewa, kuma malaman likitanci sun fi son tambayar "me zai faru in" a kan tambayar "lissafo". Dabarar ita ce duk abin da ka koya ka ɗaura shi a jikin wani mara lafiya da ka taɓa gani a unguwa.

Misali na farko: ɗaya daga rassa biyar ɗin nan da muka ambata yana zagayawa ta bayan ƙashin damtse, manne da shi. Wannan jijiya ita ke ba tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu umarni. Saboda haka ɗan okadan da ya faɗi ya karye a tsakiyar damtse, ana iya ganin hannunsa ya langaɓe daga wuya, ya kasa ɗaga shi. Wanda ya riƙe wannan hoto ba zai manta hanyar jijiyar ba.

Misali na biyu ciwon sikila, wanda babu zangon da bai san shi ba. Gwajin jarirai da marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranta a Kumasi daga 1995 ya nuna cewa kusan jariri 2 cikin 100 ana haifarsu da shi. A bayokemistiri za a koya maka amino asid guda 20, a ce ka san wanne ke son ruwa, wanne ke gudunsa, sai ka ga kamar wahala ce kawai. To, ga amfaninsa. Sarƙar beta ta himogulobin tana da amino asid 146. A mai sikila, guda ɗaya tak ya canza, na matsayi na 6: an sami balin, mai gudun ruwa, a gurbin gulutamik asid, mai son ruwa. Wannan ke sa himogulobin ya manne wa juna in iskar oksijin ta yi ƙasa, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi. In kuma layisin ne ya zauna a wannan matsayi, shi ne himogulobin C, wanda ya yawaita a arewacin Ghana da Burkina Faso. Da labari ɗaya ka riƙe darasi uku.

NA SHIDA: ƊAKIN GAWA

Wannan mas'ala tana damun 'yan'uwa da yawa, wasu kuma kunya ke hana su tambaya. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka, a zamanta na 10 a shekarar 1408 Hijiriyya, daidai da 1987, ta halatta feɗe gawa domin koyon likitanci bisa sharuɗɗa, daga ciki akwai tsayawa gwargwadon buƙata, da guje wa wasa da gawa, da binne dukkan sassanta bayan an gama. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma taɓa gawa ba ya cikin abubuwan da ke warware alwala. Wanda yake da sauran shubuha ya zauna da malaminsa kafin ranar shiga, kada ya bari sai yana tsaye a bakin ƙofa.

Abin da ya rage a kanka shi ne ladabi. Wannan da ke kwance ɗan Adam ne mai alfarma. Ban da raha a kansa, ban da ɗaukar hoto da waya. Warin fomalin da ake adana gawa da shi yana sa ido hawaye da hanci zafi, kuma wasu kan ji jiri ko su kasa cin nama a kwanakin farko. Wannan ba rauni ba ne, yakan wuce. Ka ci abinci kafin ka shiga, ka karanta sashen da za a buɗe tun daren jiya, kuma ka sa hannu da kanka, domin wanda ya tsaya a baya yana leƙe ba ya gane komai ranar jarrabawa.

NA BAKWAI: LOKACI, BARCI DA AZUMI

Salloli biyar sun riga sun yanka maka yini gida-gida, sai ka ɗora jadawalinka a kansu. Bayan Asuba, lokacin da kai ke sake kuma ɗakin kwana ke shiru, a ba abu mafi wuya. Tsakanin Magariba da Isha'i a yi katuna. Bayan Isha'i a yi muraja'ar laccocin ranar. In aikin ɗakin gwaji ya ci karo da Juma'a, ku haɗu ku yi magana da shugaban aji da malamin tun makon farko, cikin ladabi. 'Yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA da suka riga ku sun san yadda aka saba warware wannan.

Barci kuwa wani sashe ne na karatu, domin a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke zaunar da abin da aka koya da rana. Baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye. Wanda ya kwana zaune ya yi ƙari a allon da bai bushe ba. A kula da ataya da kofi da lemukan ƙarin kuzari: rabin sinadarin kafin da ka sha yana nan a jininka bayan kimanin awa 5, don haka kofin bayan Isha'i shi ke hana ka barci da tsakar dare. Tiramol kuwa, wanda hukumomin lafiya na ƙasar nan suka yi ta gangami a kansa a 2017 da 2018, dangin maganin da ke kama mutum ne, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Duk wanda ya ce maka yana taimakon karatu, ka guje shi.

Watan Ramadan yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, saboda haka cikin shekara 6 da wuya bai haɗu da wata jarrabawa ba. Azuminmu a Ghana kusan awa 13 zuwa 14 ne, kuma mafi yawan malamai ba su lissafa jarrabawa cikin uzurorin ajiye azumi ba. Mafita ita ce a duba kalanda tun farkon zango, a tura karatu mai nauyi kafin watan ya kama. In ya kama, a yi babban karatu bayan sahur, a yi ƙailula da rana, a sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur.

NA TAKWAS: MAKON JARRABAWA

Jarrabawar kan zo ta fuska daban-daban: ta zaɓen amsa, ta rubutu, ta baka, da ta aiki. Ta aikin ita ce mai ƙararrawa: an jera tebura, a kan kowanne akwai ƙashi, ko sashen jiki da aka soka wa allura, ko madubin likita, kana da ɗan taƙaitaccen lokaci ka rubuta amsa, a kaɗa ƙararrawa ka matsa gaba. Sirrinta shi ne in tebur ya wuce ka, ka bar shi ya wuce. Mai tunanin tebur na 4 yana tsaye a na 5 zai rasa duka biyun. Ku gwada wa junanku irinta da agogo kafin ranar.

Tsofaffin tambayoyi, waɗanda ɗalibai ke kira fasko, suna da amfani in an amsa su littafi a rufe sannan aka duba. Haddace amsoshinsu kawai yaudarar kai ce. Ka kuma tambayi tsarin makin tun da wuri: nawa ne na gwaje-gwajen tsakiyar zango, kuma ana rage maki in an zaɓi amsar kuskure ko ba a ragewa. Amma apo, wato tambayoyin da aka sato, haramun ne, kuma yana jawo kora. Likitan da ya ci jarrabawa da sata, a jikin uwar wani zai biya bashin.

NA TARA: IN AN FAƊI

Faɗuwa a darasi ɗaya ba ƙarshen tafiya ba ce. Makarantu suna da tsarin sake jarrabawa, kuma akwai likitoci ƙwararru da suka bi ta nan. Ka karanta littafin dokokin makarantarka ka san sau nawa aka yarda a sake. Ka je wurin malamin darasin ka tambayi inda ka gaza. Sannan ka canza hanyar karatun, domin ƙara awoyi a kan hanyar da ta kayar da kai ba zai canza natija ba. Mafi muni shi ne ɓoyewa: ɗalibi ya faɗi, ya ji kunyar gida, ya yi shiru har a sallame shi.

Akwai kuma abin da ya fi faɗuwa hatsari. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2016, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe sama da 40, ya nuna kimanin ɗalibin likitanci 27 cikin 100 suna da alamun ciwon damuwa, kimanin 11 cikin 100 sun yi tunanin kashe kansu, kuma cikin masu alamun kusan 16 cikin 100 ne kawai suka nemi magani. Idan ka yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, barci ya gagara ko ya yi yawa, abinci ya fita ranka, abin da kake so da ya daina yi maka daɗi, to, ciwo ne kamar zazzaɓi, ba raunin imani ba. Ka yi addu'a, ka kuma je ofishin ba da shawara na jami'arku ko asibitinta. Tun 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, don haka babu tsoron 'yan sanda ga mai neman taimako. In ka ga ɗan'uwanka ya daina zuwa aji da masallaci, ka buga masa ƙofa, ka tambaye shi kai tsaye, ka raka shi.

NASIHA GA IYAYE DA YAYYE

Iyayenmu, muna roƙonku da girmamawa. Tun ranar da takardar shiga ta zo unguwa ta fara kiran yaron nan Dokta, kuma wannan suna kaya ne a kansa. Ku rage masa. Kada a kira shi kowane aure da suna da addu'ar bakwai. 'Yar'uwa kuma in ta zo hutun karatu a sauƙaƙa mata aikin gida. Kada a kawo masa takardar asibiti ya duba, bai kai nan ba tukuna. In kun kira shi, ku tambayi barcinsa da abincinsa kafin ku tambayi makinsa, kuma ku gaya masa tun yau cewa in ya faɗi, ku ne farkon waɗanda zai gaya wa. Mu kuma 'yan ƙungiya, aikinmu ne mu haɗa kowane sabon ɗalibi da wani na gaba da shi, mu tara tsofaffin littattafai masu tsada su riƙa zagayawa.

TAMBAYOYIN MURAJA'A

A rufe mujallar, a amsa da ka:

1. Kawo lokuta biyar na komawa kan lacca.
2. Mene ne bambancin muraja'ar kallo da ta biyawa, kuma me gwajin 2006 ya nuna?
3. Fassara waɗannan ta hanyar asali da awo: gastritis, hepatectomy, hyperglycaemia.
4. Bayyana wa ƙaninka da Hausa abin da ke lanƙwasa ƙwayar jinin mai sikila.
5. Waɗanne alamu ne in ka gani a jikin abokinka za ka raka shi neman taimako?

Allah Ya buɗa wa ƙannenmu ƙwaƙwalwa, Ya ba su ilimi mai amfani da lafiyar ɗaukarsa, Ya saka wa iyayensu da alheri, Ya sa al'umma ta amfana da su.